Gidajen marayu na Yukren: yaya yaran suke rayuwa, kuma ta ina taimako ke isa gare su?

Hajiya_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar zango, barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gare ni ga duk wanda ya san ƙasar Yukren, musamman yaranmu da suka yi karatun likita a can. Mu mata ne 'yan kasuwa a Kejetia, muna da ƙungiyar susu, wato adashe, kuma duk ƙarshen shekara in an raba kuɗi mukan ware wani abu na sadaka, wata shekara mu kai asibiti wata shekara mu sayi shinkafa da mai da sabulu mu kai gidan marayu na nan Kumasi. To bana wata daga cikinmu ta turo bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp, yara ne ƙanana a wani gidan marayu a Yukren, jiniya na kuka cikin dare ana ta saukar da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu da bargo a ka wasu an saɓo su a kafaɗa don ba sa iya tafiya, wlh tun da na kalla abin ya tsaya min a rai, ni ma na yi riƙon 'ya'yan ƙanwata da ta rasu na san yadda yaro ke firgita da dare.

Yanzu kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce mu sayi dila ɗaya ko biyu na gwanjo, rigunan sanyi da safa da huluna, mu aika tunda an ce sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. Wasu sun ce akwai lamba a ƙasan bidiyon mu tura kuɗin kawai ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Wasu kuma sun ce ina ruwanmu da Turawa ga namu nan.

Abin da nake son sani, yaran nan duk yaƙin ne ya kashe iyayensu? Yaya suke rayuwa a gidajen, me suke ci, suna zuwa makaranta, wa ke kula da su? In mun tura abu zai kai kuwa? Sannan malamai su taimaka, ya halatta mu ba da sadaka ga yaran da ba musulmi ba? Kuɗin ba wani mai yawa ba ne amma gumin mata ne, ba ma so ya tafi a banza.

Dokta_Asawase:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka muku da alheri ya karɓi niyya. Ni a birnin Vinitsa na Yukren na yi karatu har yaƙi ya fitar da mu a 2022, kuma lokacin da muke can ƙungiyar ɗalibanmu 'yan Afirka mukan je ziyara wani gidan yara a wani ƙaramin gari a yankin, to zan faɗa miki abin da idona ya gani da wanda na sani.

Abu na farko da zai ba ki mamaki, yawancin yaran nan iyayensu na raye. Kafin Rasha ta shigo ranar 24 ga Fabrairu 2022 akwai yara wajen 100,000 a irin waɗannan gidaje kimanin 700 a faɗin ƙasar, yana daga cikin adadi mafi yawa a duk Turai, kuma cikin goma wajen tara suna da uwa ko uba ko duka biyun. Tsari ne da suka gada tun zamanin Tarayyar Sobiyet, suna ce masa internat, lokacin gwamnati na ganin ta fi talaka iya tarbiyya. Talauci ne ke kai yaro can, ko giya ta cinye gidan, ko uwa ta tafi Polan ko Italiya aikatau babu mai riƙe mata, wani babban dalili kuma shi ne naƙasa, kusan rabin yaran masu naƙasa ne. Yaro kurma ne ko yana da taɓin ƙwaƙwalwa, ƙauyensu babu makarantar da za ta karɓe shi, sai a ce wa uwar ki kawo shi nan za a fi kula da shi, ita kuma ba ta da zaɓi.

Gidajen ma kashi-kashi ne. Na jarirai har zuwa shekara 3 ko 4 yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, makarantun kwana suna ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, na masu naƙasa mai tsanani kuma ma'aikatar walwalar jama'a ce ke riƙe da su, saboda haka yaro yana tasowa ana ɗauke shi daga wannan gida zuwa wancan, duk wanda ya saba da shi sai ya rabu da shi.

Wanda muke zuwa makarantar kwana ce. Ana tashinsu wajen bakwai na safe, a ɗan motsa jiki, a gyara gado, sai karin kumallo, yawanci fate ne na hatsi da madara suna ce masa kasha, ko wani hatsi mai ruwan ƙasa-ƙasa girechka, da burodi da man shanu da shayi. Sai aji har azahar. Abincin rana shi ne babba, miyar borsh ja ta kabeji da dankalin Turawa, da ɗan nama ko kifi, da ruwan 'ya'yan itace da aka dafa. Ƙanana a kwantar da su barcin rana dole ko suna jin barci ko ba sa ji, manya su yi aikin makaranta a aji ɗaya da mai kula a zaune, sai a ɗan fita tsakar gida, a ci na dare, tara na yi a kashe wuta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Gaskiya Hajiya a inda na gani babu yunwa, akwai hita a ɗakuna, gadaje a jere da zanin gado mai tsabta, duk wanda ya zo daga zangonmu ya leƙa zai ce ai waɗannan suna cikin daula.

Sai ka daɗe kana zuwa kake gane abin da babu. A banɗaki burushin haƙori a jere cikin kofuna kowane da lamba, silifas a jere, in an wanko kaya wanda ya yi maka daidai shi ne naka na wannan makon, yaro ba shi da komai nasa sai ɗan akwatin gefen gado, shi ma ana buɗewa a duba. Mata biyu ko ɗaya ke kula da yara goma sha wani abu, kuma aikin na karɓa-karɓa ne, wadda ta kwantar da kai ba ita za ta tashe ka ba. Da yawansu mutanen kirki ne paa, albashinsu kaɗan, wasu har daga gida suke kawo wa yaran abu, amma hannu biyu ba ya rungumar yara goma sha biyar. Shi ya sa da mun shiga ƙananan ke rugowa su riƙe mana yatsu, su shafa fatarmu su taɓa gashinmu, duk macen da ta shigo mama ce, ko yau suka fara ganinta. Da farko daɗi muke ji, sai da muka yi darasin lafiyar yara muka gane alama ce ta yaron da bai da mutum ɗaya da ya san nasa ne. Akwai wani yaro ɗan shekara tara haka, ran Juma'a ba ya wasa da kowa, yana tsaye a taga da jakarsa a goye yana duban hanya, don in uwarsa ta samu kuɗin mota takan zo ta tafi da shi gida sai Lahadi, in ba ta samu ba haka zai tsaya har duhu ya yi mai kula ta zo ta cire masa jakar. Kuɗin motar nan bai kai abin da muka kashe a cakulan da muka kawo ranar ba.

Maganar cakulan kuma, a watan Disamba lokacin bikin Waliyyi Nikolas da sabuwar shekara kamfanoni da coci-coci da 'yan siyasa ke tururuwa da kwalayen alewa da 'yartsana, a sa yaran su yi waƙa da rawa a ɗauki hoto, har alewar ta yi musu yawa wasu su yi ciwon ciki, daga Fabrairu kuma shiru. In yaro ya gama aji tara, yana shekara 15 ko 16, yawanci makarantar koyon sana'a ake tura shi, ya fita bai taɓa dafa shayi da kansa ba, bai taɓa riƙe kuɗin cefane ba, doka ta ce a ba shi wurin zama amma layin na da tsawo. Masu naƙasa mai tsanani su kam in sun kai 18 gidan manya ake mayar da su, da yawa can suke ƙare rayuwarsu.

Gwanjo dai kar ku saya. Tun ranar da yaƙi ya fara aka rufe sararin saman ƙasar, jirgin fasinja ba ya sauka, kaya sai sun bi ta Polan ko Romaniya a mota, kuɗin aikawa zai ninka kuɗin kayan, kuma kayan sanyi su ne suka fi yawa a can, ai daga Turai ma gwanjon ke zuwa mana.

Alhaji_Transport_Tafo:

Hajiya salamu alaikum. Ni dai zan faɗi tawa ko ba za ta yi daɗi ba. In gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Ki fito Aboabo da asuba ki ga yaran da ke kwana a barandar shaguna, ki je Kejetia ɗin da kuke ki ga 'yan kayayo, matan nan masu dako, da goyo a baya da kwano a ka, jaririn yana shan rana tun safe har magariba, waɗannan wa ya yi musu bidiyo? Yukren Amurka ta ba su, Tarayyar Turai ta ba su biliyoyi, Jamus da Polan sun buɗe musu ƙofa, mu da sidinmu me za mu ƙara musu. Ga Gaza ga Sudan in ma waje kuke son kaiwa. Ba wai ba na tausayin yaran ba ne, yaro yaro ne ko na waye, ni ma da jikoki, amma sidi dubu biyu a nan zai mayar da yara da yawa makaranta da yunifom da takalmi, a can kuwa in an canza shi zuwa yuro ko kuɗin man janareta na 'yan kwanaki ba lallai ya kai ba.

Lambar nan kuma ta ƙasan bidiyo, dan Allah dan Annabi kar ku tura ko pesuwa ɗaya. Ki tambayi kanki, yaya aka yi gidan marayu a Yukren ke da lambar MoMo ta Ghana? Yaran nan na damfara suna ɗauko bidiyon gaske daga tashoshin labarai su liƙa lambarsu a ƙasa, an yi da girgizar ƙasar Turkiyya an yi da Gaza, wata 'yar'uwar matata haka aka cinye mata kuɗi, da ta kira layin washegari a kashe. Duk wanda ya ce ki turo yanzu-yanzu kafin dare yaro zai mutu, ɓarawo ne.

Anti_Welfare:

Yaya Hajiya ina gaisuwa, Alhaji ina wuni. Ni aikina kenan, harkar walwalar yara, shekaru ina yi a nan yankin Ashanti, kuma abin da Dokta ya faɗa ya yi daidai da abin da muke gani a namu gidajen, bambancin kawai su da dusar ƙanƙara mu da rana. A Ghana ma yawancin yaran da ke gidajen marayu suna da dangi, talauci ne ya kawo su ko an ce wa uwar a can zai samu makaranta kyauta, shi ya sa tun 2007 gwamnati ta fara shirin gyaran tsarin riƙon yara don a rage gidajen a mayar da yara cikin iyali, an kuma rufe gidaje da dama da ba su da lasisi.

Yukren ma sun san matsalarsu, ba wai daga waje ake gaya musu ba. A 2017 gwamnatinsu ta fito da tsari na shekara goma na rage gidajen, amma tafiyar ta yi ta jan ƙafa saboda a wasu ƙananan garuruwa gidan yaran shi ne babban wurin aiki, mai dafa abinci da mai wanki da mai gadi da malamai duk da shi suke ci, kuma kuɗin gwamnati yana bin yawan gadajen da aka cika ne, to wa zai so gado ya zama babu kowa. Abin da ya tona asirin shi ne korona, a 2020 da aka sa dokar kulle cikin 'yan kwanaki aka mayar da yara wajen 42,000 gidajensu, kenan da ma suna da inda za su koma, sai dai an mayar da su ba tare da an duba halin da gidan ke ciki ba ko an ba iyayen wani tallafi. Da yaƙi ya ɓarke ma haka aka yi, mafi yawa aka sallame su gida, wasu dubbai aka kwashe su zuwa yammacin ƙasar ko Polan da Jamus da Italiya da Turkiyya, waɗanda aka fi bari a baya su ne masu naƙasa mai tsanani da ba a iya ɗagawa cikin sauƙi, kuma ƙungiyar Disability Rights International da BBC duk sun nuna a 2022 yadda ake ɗaure wasu a gado ko a kujera don ma'aikata sun yi kaɗan.

Wannan ba ra'ayi ba ne kawai, an yi bincike. A Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 an samu gidajen yara cike, daga shekarar 2000 likitoci suka bi wasu yara a Bukarest, wasu an bar su a gidan wasu an ba iyalai riƙo, waɗanda suka shiga iyali musamman kafin su cika shekara 2 sun fi sauran a magana da kaifin ƙwaƙwalwa da girman jiki. In ki shiga ɗakin jarirai na irin gidajen nan abin da zai fara damunki shi ne shiru, jariri ya yi kuka ya gaji ba mai zuwa sai ya daina, ki ga yana ta jijjiga kansa gaba da baya shi kaɗai a gado. Na ga wannan da idona a nan ƙasar, ba sai na je Turai ba, kuma wlh kwana na yi ban yi barci ba.

To in kun tsaya kan Yukren ku ba masu aikin mayar da yara cikin iyali. Suna da tsarin da mata da miji ke ɗaukar yara har zuwa goma haɗe da nasu su riƙe a gidansu gwamnati na biyansu, yaƙi ya rusa wa da yawa daga cikinsu gidaje, kuma gidauniyar Olena Zelenska matar shugaban ƙasar da aka kafa a 2022 tana gina wa irin waɗannan iyalai gidaje. Akwai Hope and Homes for Children da ke aiki can tun 1998, akwai SOS Children's Villages, su kin ma san su tunda suna da ƙauyen yara a nan Asokore Mampong, a Yukren nasu yana Brovary kusa da Kiyev, akwai UNICEF da Save the Children. Duk suna da shafinsu na intanet da ake biya da katin banki a ba ki rasit, ki sa wani yaro mai ilimi ya rubuta adireshin shafin da hannunsa, kar a bi wanda aka turo a WhatsApp.

Alhaji kuma ina tare da kai rabi. Namu na da haƙƙi a kanmu, amma ko a nan ɗin zan roƙi su Hajiya su sake tunani kan buhun shinkafar da ake kaiwa gidan marayu a ɗauki hoto, ba laifi ba ne yaran na ci, sai dai in kuka samu bazawara a layinku da 'ya'ya huɗu da take shirin kai biyu gidan marayu don ta kasa, kuka ba ta jari ta fara koko da ƙosai kuka biya wa yaran inshorar lafiya, kun hana yara biyu zama marayun dole.

Malam_Sawaba:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya amsar tambayarki ta ƙarshe, eh ya halatta. Sadakar nafila ana ba musulmi ana ba wanda ba musulmi ba, balle yaro ƙarami da alƙalami bai hau kansa ba. A Suratul Insan aya ta 8 Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamammen yaƙi, kuma kamammu a wancan lokacin ai ba musulmi ba ne. A Suratul Mumtahana aya ta 8 ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Zakka ce ke da nata hukuncin, mafi yawan malamai sun tafi a kan talakawan musulmi ake ba, kuma an fi so a raba ta a garin da aka fitar da ita, saboda haka in akwai zakka a cikin kuɗin ku ware ta daban. Ku sani kuma akwai musulmi 'yan asalin ƙasar, Tatar na Kirimiya, su ma yaƙin ya taɓa su.

Maganar Anti ta yi min daɗi ƙwarai domin ita ce hanyar da muka gada. Annabi da kansa maraya ne, kakansa Abdulmuɗɗalib ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalib, a cikin gida ya tashi tare da 'yan'uwa. Hadisin da ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya haka suke a Aljanna, ɗaukar nauyi ake nufi, ci da sha da tarbiyya da jan yaro a jiki. Mu a zango da can ba mu san gidan marayu ba, in mutum ya rasu kafin a yi addu'ar arba'in an san gidan da kowane yaro zai zauna, yanzu ne haya da tsadar rayuwa suka sa kowa ke noƙewa. Alhaji ya yi gaskiya makusanci ya fi cancanta, amma wanda zuciyarsa ta motsa don yaron nesa kar a kashe masa gwiwa, a raba a ba kowa.

Hajiya_Aboabo:

Kai jama'a na gode, Allah ya biya ku. Dokta ɗana yaron nan na taga ya sa ni hawaye a shago har mai sayen atamfa na tambayata lafiya. Alhaji lambar kam mun bar ta, na riga na faɗa a guruf. Wata a cikinmu tana tambaya, ita Allah bai ba ta haihuwa ba kuma tana da hali, wai ana iya ɗauko yaro daga can a riƙe? Sannan mun ji ana cewa Rasha ta kwashe wasu yaran, gaskiya ne ko farfagandar yaƙi ce?

Dokta_Asawase:

Hajiya ɗauko yaro ba zai yiwu ba yanzu, tun da aka sa dokar yaƙi Yukren ta dakatar da ba 'yan ƙasar waje yara, sai in dangin yaron ne ko wani yanayi na musamman, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne, a cikin ruɗanin yaƙi ba a iya tabbatar da cewa yaro ba shi da kowa, uwa na iya kasancewa a wani gari tana nemansa. Duk wanda ya ce zai samo mata jariri daga can a biya shi, fataucin yara yake ko damfara. Ta je ofishin walwalar jama'a na nan Kumasi, ana yi wa masu son riƙo rajista a ba su horo, Anti ta fi ni sanin wannan.

Maganar kwashe yara gaskiya ce, har ta kai kotu. Ranar 17 ga Maris 2023 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta fitar da sammacin kama Putin da Maria Lvova-Belova, kwamishinar haƙƙin yara ta Rasha, kan fitar da yara daga yankunan da aka mamaye. Yukren ta ce yara sama da 19,000 ne ta tantance sunayensu, Rasha kuma ta ce ita tserar da su ta yi daga wuta. Yaran gidajen nan su suka fi sauƙin ɗauka tunda suna tare wuri guda, mota ɗaya ta isa, a Kherson a watan Oktoba 2022 kafin sojan Rasha su janye an kwashe ƙanana sama da 40 daga gidan jarirai na garin aka kai Kirimiya. A wajen garin kuma akwai shugaban wani gidan yara da ya rarraba yaransa ga ma'aikata suka tafi da su gidajensu a matsayin 'ya'yansu don kar a gan su, wasu ma'aikatan asibiti ma sun rubuta wa jarirai ciwon da ba su da shi don a ce ba za su jure tafiya ba. Ƙasar Katar na shiga tsakani ana dawo da wasu kaɗan-kaɗan.

Waɗanda ke gidajen har yanzu kuma rayuwarsu ita ce wadda kika gani a bidiyon, tun Oktoban 2022 ake kai wa tashoshin wuta hari, dumso ɗinsu, wato ɗaukewar wuta, na zuwa ne a lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da sifili, in wuta ta ɗauke hita ta mutu famfo ya tsaya, yaron da ke kan injin numfashi ko mai shan abinci ta roba sai janareta. Abokan karatuna da suka rage can suna cewa abin da aka fi nema shi ne janareta da mai da famfas na manya da magungunan farfaɗiya da masu gashin ƙashi da masu duba lafiyar ƙwaƙwalwar yara, kuma duk ana samunsu a can ko a Polan in akwai kuɗi.

Hajiya_Aboabo:

To madalla. Ran Lahadi bayan la'asar muke da zama, zan kai musu shawarar a raba kuɗin, kashi ɗaya ɗana ya biya mana da katinsa a shafin ɗaya daga ƙungiyoyin nan ya kawo rasit kowa ya gani, sauran kuma akwai mata biyu a layinmu da mazansu suka rasu bara da tuni ya kamata mu duba su. Anti dan Allah in kina da sarari ki zo ki yi wa matan bayanin riƙon nan da bakinki, sun fi jin magana daga wanda ke cikin aikin, ki min magana ta akwatin saƙo in kwatanta miki gidan, kuɗin trotro na wuyana.